Yadda za ka zaɓa wa sifikokinka risiba ko amfilifaya ba tare da ka ƙona komai ba

Tun da mutanen unguwa suka gane ina ɗan taɓa harkar kayan sauti, tambayar da aka fi tare ni da ita guda ɗaya ce, wai "Malam, sifikata wat 200 ce, wace amfilifaya zan saya mata?" Kuma kusan kowa da amsarsa a aljihu yake zuwa, so yake kawai in ce masa eh, wato lambar da ke jikin amfilifaya dole ta zo daidai da ta jikin sifika, 200 da 200, kamar mai neman murfin tukunya a kasuwa. Toh gaskiya ba haka lissafin yake ba, kuma wannan tunanin ne ke sa wasu su zuba kuɗi a inda ba a buƙata, wasu kuma su ƙona kayansu su zo suna rantsuwa wai ai ƙaramar amfilifaya ce ta yaya za ta ƙona ƙatuwar sifika.

In na ce risiba ba ta dish nake nufi ba fa. Ina nufin wannan akwatin mai nauyin tsiya na Yamaha ko Denon ko Onkyo ko Marantz ko Sony, wanda ake jona masa talabijin da dikoda da na'urar gem ta wayar HDMI, shi kuma ya raba sautin zuwa sifikoki biyar ko bakwai da wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. In ka ji an ce 5.1 layi biyar kenan da wufa ɗaya, 7.1 layi bakwai da wufa. A cikin cikinta akwai ƙananan amfilifayoyi, kowane layi da tasa, amma duk daga tiransifoma ɗaya suke shan wuta, ka riƙe wannan maganar za mu dawo kanta. Amfilifaya zalla kuma ita ba ruwanta da hoto ko HDMI, ƙara wa sauti ƙarfi kawai ta sani.

Ita lambar wat ɗin da ke bayan sifika ba abincin da za ta ci ba ne kullum. Ka taɓa ganin an rubuta tan 30 a jikin tirela? Ai ba ana nufin sai an loda mata tan 30 za ta tashi ba, ana nufin kar ka wuce nan. Haka sifika take, wat 200 ɗin iyakar abin da za ta iya jurewa ne kafin koyil ɗinta ya yi zafi ya ƙone. Sifika mai wat 200 za ta yi magana raɗau da wat ɗaya tak, kuma wallahi in aka kunna maka wat ɗaya a ƙaramin falo sai ka ce a rage.

Ƙaryar da ke jikin kwali

Duk inda ka ga an rubuta PMPO ka ɗauke idonka. 3000W PMPO, 5000W PMPO, a jikin wani ɗan akwati da za ka ɗaga da hannu ɗaya. Wannan lambar ba ta da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Juya akwatin ka duba bayansa kusa da inda wayar wuta ta shiga, za ka ga an rubuta yawan wutar da yake ja, wataƙila wat 60 ko 90. Toh abin da ke shan wat 90 daga soket ta ina zai haifo maka wat 3000? Ko akuya sai ta ci take ba da nono.

Lambar da ake ɗan yarda da ita ita ce wadda aka rubuta RMS ko continuous a gefenta, wato ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a tsaye ba na ƙiftawar ido ba. Amma ita ma akwai wayo a cikinta, ko a wajen manyan kamfanoni. Bari in ba ka misali da Denon AVR-X1700H, risiba mai layi bakwai. A takardar bayananta ta kasuwar Amurka lambobi uku ne a jere: wat 80 in an auna da sifika mai om 8 (om ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne, za mu zo kansa), layi biyu na aiki, tun daga sauti mafi kauri 20Hz har mafi siriri 20kHz, gurɓatar sauti kashi 0.08 cikin ɗari. Sai wat 120 da om 6 a kan sauti guda na 1kHz. Sai kuma wat 175 da om 6, layi ɗaya kacal na aiki, gurɓata kashi 10 cikin ɗari. Na'ura ɗaya ce fa, ba wanda ya yi ƙarya, yanayin awon ne ya bambanta. Mai shago zai nuna maka 175, kai kuma 80 ɗin nan za ka riƙe, don sauti mai gurɓata kashi 10 ba abin da kunne zai jure ba ne. Kuma ko 80 ɗin da layi biyu aka auna, ranar da fim ya buƙaci duk layukan bakwai su yi ihu a lokaci guda, tunda tiransifoma ɗaya suke rabawa, kowanne ƙasa da haka zai samu. Wannan rigimar ta lambobi ba sabuwa ba ce, tun 1974 hukumar kasuwanci ta Amurka FTC ta kafa doka a kan yadda za a riƙa tallata wat ɗin amfilifaya saboda yadda kamfanoni ke kumbura lamba.

Don haka in za ka kwatanta risiba biyu, nemo layin da aka rubuta om 8, 20Hz zuwa 20kHz, layi biyu, THD, wato gurɓatar sautin nan, ƙasa da kashi ɗaya. Wadda ba ta rubuta wannan ba kwata-kwata, akwai abin da take ɓoyewa.

Lambar da ba wanda ke tambaya

Yanzu ga inda ainihin maganar take. A bayan sifika ko a littafinta akwai wata lamba da dB a gefe, wato ma'aunin ƙarar sauti, an rubuta sensitivity, kamar 86dB ko 88dB ko 91dB. Ma'anarta ita ce in ka ba sifikar wat ɗaya ka tsaya nisan mita ɗaya, ga yawan ƙarar da za ka ji. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya shiga shago ya tambayi wannan lambar ba, alhali ita ce ke faɗa maka ko sifikar mai saurin ji ce ko kuwa irin jakin nan ne da sai an doka yake tafiya.

Ƙa'idojin lissafin uku ne kuma ba wuya. Duk lokacin da ka ninka wat sau biyu, dB 3 kawai ka ƙara. Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka sai ka ƙara kusan dB 10, wato wat sau goma. Sannan duk lokacin da ka ninka nisanka da sifika, a fili kana rasa dB 6, a cikin ɗaki bango na dawo maka da kaɗan daga ciki.

Mu ɗauki sifika mai 88dB, kujerarka kuma tana nisan mita 3 da ita, irin falon gidajenmu kenan. Nisan ya cinye kusan dB 10, saura 78 da wat ɗaya. Sai ka fara hawa tsani: wat 2 ya ba ka 81, wat 4 ya ba ka 84, wat 8 87, wat 16 90, wat 32 93, wat 64 96, wat 128 99. Ka lura da yadda abin ke tafiya? A ƙasa kowane mataki arha ne, a sama kuma kowane dB 3 sai ka sayi ninkin abin da kake da shi. Daga 99 in kana son 105 sai wat 512.

Me ya sa na ambaci 105? Domin shi ne ma'aunin silima. Masu haɗa sautin fim suna aiki da matsakaicin dB 85, su bar sararin dB 20 a sama saboda fashewar bam da harbi da tsawa, kololuwa 105 kenan a kowane layi, wufa kuma har 115. Wannan ne ma'aunin da THX ke bi, tsarin da kamfanin Lucasfilm ya fito da shi a 1983. Amma fa a gida kusan ba mai kallo a wannan ƙarar, in ka gwada kafin fim ya yi rabi maƙwabci ya aiko yaro ko uwargida ta fito da kanta. Yawancin mutane ƙasa da haka da dB 15 ko 20 suke kallo, kololuwarsu 85 zuwa 90 kenan, koma kan tsaninmu ka gani, wat 8 zuwa 16 ne. In kai mai son ƙara ne sosai kana zuwa kololuwar 95, wat 64 ya ishe ka har da canji. Kaga kenan risiba mai wat 80 na gaskiya ta wadatar da wannan falon.

Canja sifikar ka ga yadda lissafin ke juyewa. In mai 85dB ce, duk lambobin nan sai ka ninka su biyu. In mai 94dB ce, kashi ɗaya cikin huɗu kawai take buƙata, wat 16 zai yi mata aikin da wat 64 ke yi wa waccan. Shi ya sa za ka ga KEF LS50 Meta, 'yar ƙaramar sifika mai tsada da ake ɗorawa a kan kanta ko teburi, 85dB ce kuma kamfanin ya ce a ba ta wat 40 zuwa 100, amma wasu manyan sifikokin Klipsch masu bakin ƙaho da suka kusa kai ƙugun mutum tsawo, waɗanda kamfanin ke rubuta musu sama da 95dB, ƙaramar risiba ma za ta sa su girgiza taga. Girman akwati ba shi ke nuna cin wuta ba, sau da yawa ma ƙananan sun fi ci.

Kuma don Allah kar wani ya sa ka ƙara kuɗi mai yawa don tashi daga wat 80 zuwa 100 kawai. Bambancinsu dB ɗaya ne, da ƙyar kunnenka zai kama shi. In za ka ƙara kuɗi ka ƙara don wani dalili, yawan layi ko ramukan HDMI ko iya ɗaukar om 4, amma ba don wat 20 ba.

Wani abu a gefe tunda muna maganar dB, hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa iyakar dB 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin dB 3 lokacin na raguwa da rabi. Masu gidan kallon ƙwallo da ke zama kusa da sifika tun wasan farko har na ƙarshe, ku yi lissafin da kanku.

Om, inda risiba ke mutuwa

Sifika ta fi ƙonewa ta dalilin murya, risiba kuma ta fi mutuwa ta dalilin om. Om shi ne yadda sifika ke tare wutar da ke shigarta. In lambar babba ce tana tarewa sosai, in ƙarama ce ƙofa a buɗe take, wuta na kwarara, risiba na zafi. Sifika mai om 4 tana jan ninki biyu na abin da mai om 8 ke ja a murya ɗaya. Duba bayan risibarka kusa da inda ake ɗaura wayoyin sifika, za ka ga an rubuta 6 zuwa 16 ko 4 zuwa 16. In 6 aka rubuta kai kuma sifikokinka om 4 ne, za ta yi aiki a ƙaramar murya, amma da ka ɗaga sai ta yi zafi ta kashe kanta, in ka ci gaba da matsa mata wata rana ba za ta tashi ba.

Kuma lambar om ɗin ma ba a tsaye take ba, tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ke fita. Ita KEF ɗin da na ambata om 8 aka rubuta mata amma kamfanin da kansa ya ce tana sauka har 3.5. Don haka in ka ga an rubuta minimum a littafin sifika, shi ma ka duba shi.

Kuskure biyu na fi gani a wajenmu. Na farko, mutum na da tsohon saitin nan na kwali ɗaya, DVD da 'yan sifikoki biyar da wufa, kan ya lalace, sai ya sayo risiba ya jona mata 'yan sifikokin. Da yawa daga cikin irin waɗannan om 3 ne, don wannan DVD ɗin nasu kawai aka ƙera su, kuma wufarsu ba ta da amfilifaya a ciki, ramin wufa na risiba kuwa sigina kawai yake fitarwa ba ƙarfi ba, sai ka jona ka ji shiru ka ce an sayar maka da matacciya. Na biyu, murɗa wayoyin sifika biyu a rami ɗaya don a kai sauti ɗaki ko tsakar gida. Om 8 biyu in ka haɗa su haka sun koma om 4. Om 4 biyu sun koma 2, wannan kam ka fara haƙa wa risibar kabari. In dole sai ka haɗa biyu, jera su a jere, jan wayar risiba zuwa jan ta farko, baƙin ta farko zuwa jan ta biyu, baƙin ta biyu ya koma risiba, om ɗin sai ya taru ya zama 16, ƙara za ta ragu amma ba abin da zai ƙone.

In sifikar gwanjo ce takardar bayanta ta goge, ari mita wajen mai gyaran rediyo ka auna bakin wayoyin. Mai om 8 za ta nuna wajen 6 zuwa 7, mai om 4 wajen 3, kullum mita na nuna ƙasa da ainihin lambar kaɗan.

Akwai kuma wani saiti a wasu risibobin na zaɓen om 8 ko 6 ko 4. Mutane na ɗauka in sun sa shi a 4 ƙarfi zai ƙaru. Akasin haka ne, rage ƙarfin yake don na'urar kar ta yi zafi da yawa. In sifikokinka 6 ko 8 ne bar shi yadda ya zo.

Yadda ƙarama ke kashe babba

Wannan da kaina na koye shi, kuma da tsada. Ranar walimar ƙanina na fito da sifikokin falona guda biyu masu wat 150 tsakar gida, na jona su da wata 'yar amfilifaya da ba ta wuce wat 30 ba, a raina ina cewa ai ko na ƙure ta ba abin da zai same su. Fili ne ba bango, mata sun cika gida ana ta hayaniya, kowa ya wuce sai ya ce a ƙara, ni kuma ina ta murɗawa har ta kai ƙarshe. Sautin ya fara tsatsa kamar ana yaga takarda, na ji amma na share. Kafin la'asar sai na ji muryoyi sun dushe kamar an rufe sifikokin da bargo, ganga na fita amma siririn sautin ya tafi. Tuwita biyun, wato ƙananan sifikokin cikin akwatin masu fitar da siririn sauti, duk sun ƙone.

Abin da ya faru shi ne, amfilifaya in ka nemi abin da ya fi ƙarfinta ba ta cewa ba zan iya ba, sai ta yanke kan igiyar sautin ta miƙa shi a gurɓace, turawa na kiran abin clipping. A wannan halin kusan kullum a ƙarshen ƙarfinta take ba hutu, kuma gurɓatar na ƙara tura wuta wajen tuwita, ita kuwa tuwita koyil ɗinta siriri ne kamar gashi, wat kaɗan take iya ɗauka, wat 150 ɗin da aka rubuta na akwatin ne gaba ɗaya kuma wufar ciki ce ke ɗauke mafi yawansa. Babbar amfilifaya ma na ƙona sifika in ka ƙure ta, kar ka ce na ce ba ta yi. Amma mai sarari a sama tana ba da sauti mai tsabta, kuma ka fi samun damar jin sifika ta fara wahala ka rage.

Toh wace za ka saya kenan? In kamfanin sifikar ya rubuta a ba ta daga kaza zuwa kaza, kamar 40 zuwa 100, nemi wadda wat ɗinta na gaskiya ya faɗa tsakiya zuwa saman wannan. In lamba ɗaya ce kawai ta RMS, daga rabinta zuwa ita kanta ko ɗan sama da ita duk lafiya ne a falo, in dai lissafin tsanin nan ya nuna ya ishe ka. Da ka ji sauti ya fara kaushi ko tsatsa ko wufa na buga wani ƙas ƙas, rage nan take, ba sai an jima ba. Sannan kusan duk risibobin zamani suna da wajen sa iyakar murya a cikin saiti, sa shi, saboda yara da baƙi masu son rimot.

Dabarar da ta fi sayen babbar risiba

Kaurin sauti, wato bes, shi ke cinye mafi yawan wuta. In ka sayi wufa mai amfilifayarta a ciki, irin wadda ake jona wa soket da kanta, ka sauke wa risibarka babban kaya. Amma sai ka gaya mata. Shiga saitin sifikoki ka sa dukkansu a Small, ko da kuwa dogaye ne, ka sa mararrabar, wato Crossover, a 80Hz, wanda shi ne abin da THX ta tsayar. Daga nan duk sautin da ya yi ƙasa da 80 wufa za a tura wa, risiba ta ji da muryoyi da sauran. In 'yan mitsi-mitsin sifikoki ne kai shi 100 ko 120. Na san mutum zai ji haushi a ce ya kira sifikar da ya saya da tsada Small, amma ba zagi ba ne, rabon aiki ne.

In risibar ta zo da 'yar makirfo, yi amfani da ita. Denon da Marantz na kiran tsarin Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC. Ka ajiye ta daidai inda kanka yake in ka zauna, a kashe fanka, a yi shiru, ta yi 'yan ƙararrakinta ta daidaita kowace sifika. Bayan ta gama koma ka duba, don wani lokaci takan mayar da na gaba Large, sai ka dawo da su. Bayan wannan awon, 0 a ma'aunin murya shi ne matakin silima, in kana kallo a -20 ka san inda kake a tsani. A Denon da Marantz in lambar 0 zuwa 98 take nunawa, 80 ne daidai da wancan 0 ɗin.

Sai yaushe ake ƙara amfilifaya daban? In falon babba ne sosai kana zaune mita 5 ko fiye, ko sifikokin om 4 ne masu ƙaramin dB, ko risibar na yawan kashe kanta duk da iska na shigarta. Amma kafin ka saya leƙa bayan risibar ka ga ko tana da ramukan da aka rubuta Pre Out na sifikokin gaba, don ƙananan risibobi da yawa na wufa kawai suke da shi, in babu toh babu ta inda za ka jona. In akwai, amfilifaya mai layi biyu ta ɗauki na gaba hagu da dama ta wadatar, sauran layukan sai su samu tiransifomar risiba su kaɗai.

Wutarmu da zafinmu

Duk wannan lissafin an yi shi ne a kan wuta na zuwa daidai, mu kuwa mun san halin da ake ciki. Abu na farko in ta gwanjo za ka saya, karanta bayanta kafin ka kusanci soket. Kayan Amurka 120V ne, na Japan 100V, mu kuma Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 muke. Ka jona ta kai tsaye ƙara ɗaya za ka ji da wari, shikenan. Sai da tiransifomar rage wuta, kuma ba 'yar ƙaramar nan ta aski ba, duba wat ɗin da risibar ke ja ka sayi mai ninkinsa biyu. Kayan Amurka kuma don 60Hz aka yi su, namu 50 ne, tiransifomarsu takan ɗan fi zafi a nan. In da hali nemi wadda ta fito daga Ingila ko Jamus ka huta.

In wuta ta zo ƙasa-ƙasa, risibar da ke ba da wat 80 ba za ta kai ba, za ta fara gurɓata sauti da wuri, kai kuma ka ga murya ta yi ƙasa ka ƙara, ka koma labarin walimar ƙanina. Sitabilaiza mai sarari ce maganin, haɗa wat ɗin risiba da wufa da talabijin ka sayi wadda ta fi jimlar sosai. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ni dai ba na ɗora masa risiba, wutarsa hawa da sauka take. Inbata kuma in ba mai tsabtatacciyar igiya ba ce wadda ake rubuta wa pure sine wave, za ka ji tiransifomar risiba na kuka zzzz kuma tana zafi. In a kan sola kake, amfilifaya ajin D ta fi maka, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta ja take mayarwa sauti, ajin AB da ke cikin yawancin risibobi kuwa kusan rabi zafi yake zama.

Zafin ma abin dubawa ne, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ana wuce digiri 40, kai kuma ka cusa risiba cikin kabad mai gilashi ka ɗora dikoda a kanta ka rufa mata kyalle mai ado. Littattafan Yamaha na cewa a bar santimita 30 a sama, 20 a gefe da baya. In kyallen don ƙurar hunturu ne, rufe in an kashe, cire in za a kunna, kuma duk ƙarshen hunturu a kai ta a hure ƙurar.

Waya ba sai mai tsada ba, amma ta zama jan ƙarfe na gaske. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki alminiyom ce aka shafa wa launi. Mai kaurin 1.5mm ta isa sifikokin gaba, 2.5mm in za ta yi nisa sama da mita 10 ko sifikar om 4 ce. Murɗe bakin da kyau, silin waya ɗaya in ya taɓa na kusa da shi ya isa ya kashe layi.

Wani ya taɓa kawo min amfilifayar lasifika irin ta masallaci, su TOA da Ahuja, wai mai shago ya ce masa "Alhaji wannan ta fi duk wata risiba ƙarfi." Ƙarfi kam akwai, amma aikinta daban, yawancinsu layi ɗaya ne, don murya aka yi su, kuma a bayansu akwai ramin 70V da 100V na lasifikoki masu tiransifoma a jiki da ake ja wa doguwar waya. Ka kuskura ka ɗaura sifikar falo a wannan ramin, ko ita ko amfilifayar ɗaya zai tafi.

Ranar da za ka je saye, ɗauki hoton takardar bayan sifikokinka a waya, om da dB da wat, ka auna nisan kujerarka da taku kafin ka fita. A shago ka sa a jona duk layukan ɗaya bayan ɗaya ka ji kowanne na magana, ba biyun gaba kawai ba, don ta gwanjo sau da yawa layi ɗaya ko ramin HDMI ne ya mutu aka rabu da ita. A bar ta tana aiki minti 20 a murya mai ɗan ƙarfi, ka ɗora tafin hannunka a kanta. Ɗumi ba komai, amma in ba ka iya barin hannun ko ta yi ƙas ta ɗauke da kanta, ce wa mai shagon ya fito da wata.